Maigadin Da Ke Tsakanin Yatsanka Da Shafin Intanet

Ga wani ɗan gwaji da za ku iya yi idan an tashi daga makaranta, kun samu aron wayar Yaya ko ta Umma. Ku buɗe Facebook ko Instagram, ku nemi labarin da aka liƙa masa mahaɗi, wato shuɗin rubutun nan da aka fi sani da linki, ku latsa. Shafi zai buɗe. To, ku dubi fuskar wayar da kyau. Ina kuke? Ba a cikin Chrome kuke ba, ba kuma a cikin Opera Mini ba. Har yanzu kuna cikin Facebook ɗin, ƙafarku ba ta taka waje ba. Shafin ne aka ɗauko aka kawo muku har inda kuke zaune.

Abin da ya yi wannan aiki sunansa WebView. Wata ƙaramar burauza ce da ake dasawa a cikin manhaja, don manhajar ta iya nuna shafukan intanet ba tare da ta tura mutum wani wuri ba. Ku ɗauke ta kamar zauren gida. Burauza irin su Chrome kasuwa ce, kowa da rumfarsa, kana yawo inda ka ga dama. WebView kuwa zaure ne: baƙo yakan shigo a gaisa, a yi ciniki ma, amma tabarmar ta maigida ce, ƙofar tasa ce, kuma duk abin da aka faɗa a kunnensa aka faɗa.

Wannan zaure ya fi yawa a wayoyinmu fiye da yadda muke zato. Shafin taimako a cikin manhajar wasa, sharuɗɗan amfani da ba mai karantawa, tallan da ke faɗowa ana tsakiyar kallo, shafin biyan kuɗi, da yawansu ta WebView ake nuna su. Tun daga Android 4.4 na shekarar 2013, injin da ke cikinta iri ɗaya ne da na Chrome, wato Chromium. Daga Android 5.0 na 2014 kuma aka ware ta ta zama manhaja mai zaman kanta da ake sabuntawa ta Play Store, da sunan Android System WebView. Mutane da yawa ba su san da ita ba sai a watan Maris na 2021, lokacin da wani sabuntawa da aka yi mata ya zo da matsala. Gmail da wasu manhajoji masu yawa suka riƙa mutuwa da zarar an buɗe su, a ƙasashe daban-daban, har sai da Google ya fitar da gyara. A iPhone ma akwai takwararta, WKWebView, wadda Apple ya fito da ita a 2014.

Tambaya ɗaya kafin a buɗe ƙofa

Mu dawo kan yatsanku. Tsakanin lokacin da kuka taɓa mahaɗi da lokacin da sabon shafi ya fara bayyana, akwai wani ɗan tsaiko da bai kai ƙiftawar ido ba. A cikinsa ne WebView take juyawa ta tambayi manhajar da ta ɗauke ta aiki: ga adireshin da ake son zuwa, in je ko in tsaya?

A Android, wurin da ake amsa wannan tambaya yana da dogon suna, shouldOverrideUrlLoading. Kada tsawonsa ya tsorata ku. Ma'anarsa kawai: za ka karɓi ragamar buɗe wannan adireshi daga hannuna? Wanda ya gina manhajar shi ne zai rubuta amsar, kuma amsa biyu ce rak. Idan ya ce false, wato a'a, WebView ta ci gaba da buɗe shafin a cikinta. Idan ya ce true, wato e, sai ta janye hannunta, manhajar ta yi abin da ta ga dama da adireshin: ta miƙa shi ga Chrome, ta buɗe wani sashe nata na cikin gida, ta nuna gargaɗi, ko ta yi shiru kamar ba a taɓa komai ba. Masu koyo sukan rikice a nan, domin e ɗin ne ke tsayar da tafiya, a'a ɗin ke ba da hanya. A iPhone an fi sauƙaƙa maganar: ana tambayar manhaja hukuncinta, ta ce allow, a wuce, ko cancel, a fasa.

Wannan shi ne maigadin da muke magana a kai. Ba mutum ba ne, 'yan layukan umarni ne, wani lokaci ba su wuce goma ba. Amma kamar maigadin ƙofar makarantarku, shi ke cewa wane ya shiga, wane ya koma ya zo da iyayensa.

Ba adireshin kaɗai ake nuna masa ba. Ana gaya masa ko babban shafin ne zai sauya ko wani ɗan akwati a cikin shafin, irin wanda ake saka talla a ciki. Ana gaya masa ko alamu sun nuna mutum ne ya taɓa da hannunsa, ko shafin ne ya yi gaban kansa. Daga Android 7.0 na 2016 har ana gaya masa ko wani shafi ne ya turo tafiyar zuwa wani, abin nan da ke faruwa idan kun latsa gajeren mahaɗi ya yi ta tsalle kafin ya sauka. Sai dai akwai masu wucewa ba tare da ya gan su ba. Takardun Android sun faɗa a fili cewa ba a tuntuɓarsa idan aka cike fom aka aika ta hanyar da ake kira POST, kuma ba a tuntuɓarsa idan manhajar ce da kanta ta ba da umarnin buɗe shafi. Ku riƙe wannan na biyun, za mu bukace shi nan gaba.

A ce ku ne magina

A ce kulob ɗin kwamfuta na makarantarku ya yanke shawarar haɗa manhaja. Makarantar tana da shafin intanet mai jadawalin darussa, sanarwa da sakamakon jarrabawa, don haka hanya mafi sauƙi ita ce a dasa WebView a nuna shafin a cikinta. Cikin yini ɗaya an gama, kowa na murna, an tura wa abokai ta Xender.

Washegari ƙorafi zai fara zuwa. Wata ɗaliba ta latsa lambar wayar ofishin shugaban makaranta da ke ƙasan shafin, maimakon waya ta buga, sai ga farin shafi da rubutun net::ERR_UNKNOWN_URL_SCHEME. Da yawanku kun taɓa cin karo da wannan saƙo a wata manhaja, kuka ɗauka data ce ta ƙare. Ba data ba ce. Kowane adireshi yana farawa da kalmar da ke nuna irinsa. Shafukan intanet suna farawa da https ko http. Lambar waya tana farawa da tel, imel da mailto, saƙon tes da sms, WhatsApp ma yana da nasa. WebView shafuka ta iya buɗewa, ba ta san buga waya ba. Da aka miƙa mata tel, sai ta ce ba ta san wannan ba. Aikin maigadi ne ya tare irin wannan adireshi tun a ƙofa, ya ce wannan ba na zaure ba ne, ya miƙa shi ga Android ta nemo manhajar kira.

Ƙorafi na biyu ya fi wannan nauyi. A shafin makarantar akwai mahaɗi zuwa YouTube inda aka saka bidiyon ranar ba da kyaututtuka. Wani ɗan aji ɗaya ya latsa, daga wannan bidiyo ya faɗa wani, daga nan ya bi wani talla, kafin ka ce kwabo yana wani shafin caca, alhali a saman wayar bajen makaranta da sunanta na nan daram. Uban da ya leƙo ya gani, me zai ce? Manhajar makaranta ce ke koya wa ɗansa caca. Maganin wannan shi ne a ba maigadi ƙa'ida: duk adireshin da yake na makaranta, a buɗe shi a ciki, duk wanda ba nata ba, a fitar da shi zuwa burauzar wayar, inda mutum zai ga a sarari cewa ya bar harabar makaranta. Masu amfani da MIT App Inventor, wadda ake haɗa manhaja da ita ta hanyar jera tubala maimakon rubuta umarni, za su tarar da wani maɓalli mai suna FollowLinks a jikin WebViewer. Idan aka kashe shi, ba mahaɗin da zai yi aiki. Wannan kulle ƙofa ne gaba ɗaya, ba gadi ba, amma wuri ne mai kyau na fara gane yadda abin yake.

Akwai inda tare hanya ba don hana tafiya ake yi ba, sai don a ji labari. Idan manhaja tana karɓar kuɗi ta kamfani irin Paystack, takan buɗe shafin biyan a cikin WebView, ta kuma gaya wa kamfanin adireshin da zai tura mutum bayan ya gama. Maigadi na zaune yana jiran wannan adireshi. Da ya gan shi, ya san an kammala, sai ya rufe zauren ya mayar da mai biya cikin manhaja. Amma gogaggen magini ba ya ba da kaya don kawai ya ga adireshin ya wuce. Sai ya sa babbar kwamfutarsa ta tambayi kamfanin kai tsaye ko kuɗin sun shiga. Kun san dai yadda mai shago ke cewa ba zai ba da kaya ba sai ya ga alat a wayarsa, komai kyan hoton risit ɗin da aka nuna masa.

Kama da wane ba wane ba ce

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Mun ce maigadi ya bar adireshin gida ya shiga, ya fitar da na waje. To, ta yaya zai gane na gida?

Mu ɗauki adireshin da duk ɗan aji shida ya sani, jamb.gov.ng. Malalacin magini zai rubuta cewa: in dai ka ga jamb.gov.ng a ko'ina cikin adireshin, bar shi ya wuce. Ɗan damfara kuwa abin da yake jira ke nan. Zai buɗe nasa shafin, ya sa masa suna kamar jamb.gov.ng.example.com. Mun yi amfani da example.com ne domin suna ne da aka keɓe musamman don ba da misali, ba na wani ɗan kasuwa ba ne. Idan ka karanta daga hagu, JAMB ka fara gani, hankalinka ya kwanta. Amma sunan shafi daga dama ake gane mai shi. Ka nemi sandar nan mai karkata ta farko bayan sunan, ka tsaya a nan, ka karanto baya. Abin da ke dab da ita shi ne maigidan. A misalinmu example.com ne mai gida, duk abin da ke gabansa ado ne da ya ga damar rataya wa ƙofarsa. Kamar mutum ne ya rubuta Fadar Sarki a allo ya kafa a ƙofar shagonsa.

Saboda haka maigadin kirki ba ya neman kalma a cikin adireshi. Yakan sa a fayyace masa adireshin gaɓa-gaɓa, ya ciro sunan mai gida shi kaɗai, ya gwada shi harafi da harafi da jerin waɗanda aka amince da su, ya kuma tabbata da https aka fara. Jerin waɗanda aka yarda su shiga ya fi jerin waɗanda aka hana amfani nesa ba kusa ba, domin miyagun shafuka kullum sababbi ake haifa, ba mai iya rubuta sunayensu duka.

Kada ku ɗauka ƙananan magina kaɗai ke tuntuɓe a nan. A ƙarshen watan Agusta na 2022, masu binciken tsaro na Microsoft sun bayyana wata ɓaraka da suka gano a manhajar TikTok ta Android. Akwai wani irin mahaɗi da ke buɗe manhajar kai tsaye ya umarce ta ta nuna wani shafi a WebView ɗinta. TikTok ta tanadi tacewa don a ƙi baƙin shafuka, amma masu binciken suka gano cewa ƙara wasu 'yan bayanai biyu a jikin mahaɗin yana sa a tsallake tacewar. Ku tuna abin da muka ce ku riƙe: wannan ƙofar baya ce, inda manhaja da kanta take ba da umarnin buɗewa. Abin da ya sa lamarin ya yi muni shi ne, an gina wata gada tsakanin WebView ɗin da cikin manhajar, don shafukan TikTok na gaskiya su riƙa ba ta umarni, kuma umarnin da ake iya bayarwa ta wannan gada sun haura 70. Duk baƙon da ya samu shiga zauren, gadar na gabansa. Da latsa mahaɗi sau ɗaya, mai kutse zai iya sauya bayanan asusun mutum, ya aika saƙo da sunansa, ko ya fito da bidiyon da ya ɓoye kowa ya gani. Microsoft ta sanar da TikTok tun a watan Fabrairu na shekarar, aka toshe ɓarakar kafin a faɗa wa duniya, kuma Microsoft ta ce ba ta ga alamar an cuci wani da ita ba.

Idan maigidan ne ke kasa kunne

Duk abin da muka faɗa zuwa yanzu, maigadi yana kare mu ne daga na waje. Saura tambaya mai wuya: wa zai kare mu daga mai zauren?

Manhajar da ta dasa WebView tana ganin kowane adireshi da aka nufa, tunda ita ake tambaya. Ba nan ikonta ya tsaya ba. Tana iya cusa nata umarnin, a harshen JavaScript, cikin shafin da ba nata ba. A watan Agusta na 2022 ɗin dai, wani masanin manhaja ɗan ƙasar Ostiriya, Felix Krause, ya wallafa binciken da ya yi a kan iPhone. Ya nuna cewa Instagram da Facebook suna cusa irin wannan umarni a shafukan da aka buɗe a cikinsu, TikTok kuma tana cusa wanda ke iya lura da kowane harafi da aka danna da kowane wuri da aka taɓa. Kamfanonin sun mayar da martani. Meta ya ce nasa umarnin yana mutunta zaɓin da mutum ya yi game da bin sawunsa, TikTok ta ce nata don gano matsala da auna ingancin aiki ne, ba ta tattara abin da mutane ke rubutawa. Krause da kansa ya ce abin da ya iya nunawa shi ne umarnin yana nan, ba wai ya ga an kwashi bayanan an tafi da su ba. Mu ma ba mu ce an kwasa ba. Abin da muke so ku lura da shi shi ne, hanyar a buɗe take ga duk mai manhaja, babba ko ƙarami, mai amana ko maras ita, kuma mai riƙe da waya ba ya ganin abin da ke gudana.

Google ya ɗauki wannan barazana da gaske. Daga ranar 30 ga Satumba, 2021, ya hana shiga wasu manhajoji da asusun Google ta cikin WebView. Wanda ya gwada yakan ga saƙon kuskure mai lamba 403 da kalmar disallowed_useragent. Dalilin a bayyane yake: idan ka rubuta kalmar sirrinka a zauren wani, mai zauren na iya karantawa.

Akwai hanya ta tsakiya da aka fito da ita tun 2015. A Android ana kiranta Custom Tabs, a iPhone kuma SFSafariViewController. A ido kamar kana cikin manhaja ne, shafin ya hau kanta, ka rufe ka dawo inda kake. Amma burauzar gaskiya ce ke riƙe da shafin, tana nuna sunan mai gida a sama, kuma manhajar da ta kira ta ba ta iya leƙa abin da kake rubutawa ko ta cusa umarninta. A ganinmu, duk maginin da zai nuna shafin da ba nasa ba, wannan ya kamata ya ɗauka, ya bar WebView ga shafukansa na kansa. Manyan kamfanoni sun san da ita sarai. Idan wasunsu sun gwammace su riƙe ka a zaurensu, ba rashin sani ba ne. Mutumin da ya fita zuwa Chrome ba lalle ya dawo da wuri ba, kuma zaman da kake yi a ciki shi ne abin da suke sayar wa masu talla.

Ga mai amfani da waya, dabarar ba ta da tsada. Karanta labari ko kallon hoto a cikin zaure ba laifi. Amma da zarar shafi ya nemi kalmar sirri, lambar katin banki, BVN, NIN ko lambar rajistar jarrabawa, a dakata. A yawancin manhajojin akwai ɗigo uku a kusurwar sama. A taɓa su, a zaɓi buɗewa a burauza. Wanda ya fi wannan ma, a rufe shafin, a buɗe Chrome, a rubuta adireshin da hannu. Lokacin fitowar sakamako ne aka fi yawo da mahaɗan bogi a guruf-guruf, masu alƙawarin duba sakamako kyauta ko ƙarin maki, kuma ɗokin da ake ciki shi ke hana a tsaya a karanta adireshi. A kuma riƙa leƙa Play Store ana sabunta Android System WebView da Chrome idan an samu data, tunda gyaran ɓaraka ta nan yake zuwa.

Ku gwada zama maigadin

Ga adireshi huɗu sun iso ƙofa, an ce ku bar na JAMB kaɗai ya shiga. Na farko, https://efacility.jamb.gov.ng. Na biyu, https://example.com/jamb.gov.ng. Na uku, https://jamb-gov-ng.example.com. Na huɗu, https://jamb.gov.ng@example.com.

Na biyu da na uku ba za su ba ku wahala ba idan kun bi ƙa'idar sanda mai karkata da karantowa daga dama. Na huɗun ne mai wayo. A tsarin adireshi, abin da ya zo kafin alamar @ ana ɗaukarsa sunan mai shiga ne, ba sunan gida ba, don haka burauza example.com za ta nufa. Na farko kuwa ya zo da wata kalma a gaba, efacility, wadda za ta iya sa ku zarge shi. Ku kwafe su a littafi, ku kai wa malamin kwamfuta ko abokan kulob, kowa ya ja layi a ƙarƙashin sunan mai gida a kowane ɗaya, sannan ku yanke hukunci a kan na farkon.